‘Ai tsufa ne’: Yadda za ka bambance tsufa da cuta a jikin iyayenka

Mai karatu, idan kana cikin waɗanda neman abinci ya kai su Legas ko Ibadan ko Fatakwal ko Abuja, kuma sai da Sallah kake samun zuwa gida, to akwai abin da kake gani wanda masu kwana da tashi tare da iyayenka ba sa gani. Su kullum suna tare da Baba, don haka sauyin da ke zuwa masa kaɗan-kaɗan ba ya ɗaukar hankalinsu. Kai kuwa da ka yi shekara rabonka da shi, kana shiga zaure za ka lura sai da ya dafa bango sannan ya iya miƙewa daga kan buzu, rigar da ka ɗinka masa bara ta yi masa yawa, kuma kafin la’asar ya tambaye ka sau uku yaushe ka iso. In ka yi magana, amsar da za ka ji ba ta wuce ɗaya: “Ai tsufa ne.”

Wani lokaci gaskiya ne, tsufan ne. Amma sau da yawa a ƙarƙashin wannan kalma akwai ciwon da likita zai iya magancewa da an kai masa da wuri. Dattijon da aka ce tsufa ya hana shi fita, wataƙila yana ce ta rufe masa ido. Tsohuwar da aka ce ta ruɗe cikin kwana biyu, wataƙila ciwon sanyin mafitsara ne. Akwai kuma wadda cutar ƙwaƙwalwa ta kama, aka ce mayya ce ko ta haukace. A wannan mako za mu duba yadda za ka raba abubuwa uku: abin da shekaru ke kawo wa kowa, da ciwon da ke warkewa, da kuma wanda ba ya warkewa amma yake buƙatar kulawa ta musamman.

Abin da shekaru ke yi wa jiki

Tsufa ba ranar da furfura ta fito yake farawa ba. Tun daga wajen shekara 30 tsokar jikin mutum ke raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, kuma raguwar na ƙara sauri bayan shekara 60. Shi ya sa tashi daga tsugune, da hawa bene, da ɗaukar bokitin ruwa suke zama aiki. Ƙashi ma yana rage ƙwari, musamman ga mata bayan ɗaukewar al’ada, ta yadda ’yar faɗuwar da jikanya za ta yi ta tashi tana dariya, ita ce za ta karya wa kakarta ƙugu. Guringuntsin gwiwa yana cinyewa, fata na yin laushi, rauni na daɗewa bai warke ba, barci kuma yakan zama mara nauyi, mutum ya kwanta da wuri ya farka tun kafin kiran assalatu.

Abin da ya kamata ka riƙe a nan shi ne, zama wuri ɗaya ya fi shekaru saurin cinye tsoka. Muna da al’adar da muke gani girmamawa ce, mu hana Inna ɗaukar ko da tsintsiya, mu ce “zauna kawai, ga yara.” Bayan shekara biyu sai a ga ba ta iya zuwa banɗaki sai an riƙe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa masu shekara 65 zuwa sama su riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato kamar rabin awa a kwana biyar. Tattaki zuwa masallaci ko kasuwa, da shara, da ban ruwan shuka, duk suna ciki. Ko tashi daga kujera a sake zama sau goma safe da yamma yana ƙarfafa cinyoyi. A haɗa da abinci mai gina jiki, irin su wake, ƙosai, alala, awara, ƙwai, kifi, gyaɗa da nono. Dattijon da haƙoransa suka zube yakan koma kunu da shayi da burodi kaɗai, ya yi ta ramewa ana cewa tsufa ne, alhali yunwa ce.

Akwai wasu sauye-sauye biyu da ido ba ya gani. Na farko, jin ƙishirwa yana raguwa, sai ruwan jikin dattijo ya yi ƙasa bai sani ba, ballantana a zafin watan Maris da Afrilu. Wasu ma da gangan suke ƙin sha don gudun tashi fitsari da dare. Kada a jira ya nema, a riƙa miƙa masa. Idan yana da ciwon suga ko ciwon ƙoda, to kafin watan azumi a ji ta bakin likita, a kuma tambayi malamai sauƙin da addini ya yi wa irinsa.

Na biyu, ƙoda da hanta ba sa tace magani da sauri kamar da, saboda haka ƙwayar da matashi zai sha lafiya tana iya yi wa tsoho yawa. Magungunan ciwon gwiwa da ake saye a kemis babu takardar likita, irin su ibufurofen da dikulofenak, idan aka daɗe ana sha suna jawo gyambon ciki, su lalata ƙoda, su kuma tayar da hawan jini. Magungunan barci da wasu na mura kuwa suna sa jiri da ruɗewa. Duk ranar da za a kai shi asibiti, a zuba duk abin da yake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya, a nuna wa likita.

Ido da kunne

Daga shekara 40 zuwa 45 kusan kowa yakan fara nisanta takarda da idonsa kafin ya iya karantawa. Wannan tsufa ne, kuma tabarau ke maganinsa. Haka nan idon ɗan shekara 60 na buƙatar haske kusan ninki uku na wanda ɗan shekara 20 ke buƙata. Amma makanta ba ta cikin abin da tsufa ke wajabtawa. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma kashi 84 cikin 100 na wannan makanta ana iya kauce mata ko a magance ta. Yanar ido ita kaɗai ce sanadin kashi 43 cikin 100, alhali aikinta a asibiti na ɗan lokaci ne, kuma yawanci washegari mutum ya fara gani.

A guji masu sa tsinke su ture yanar ta faɗa cikin ido a gargajiyance. Binciken nan ya nuna kusan uku cikin huɗu na idanun da aka yi wa haka sun ci gaba da zama a makance. Sai kuma hawan jinin ido, wanda ake kira gilakoma. Shi yakan cinye gani daga gefe-gefe ba tare da zafi ba, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa, don haka awon ido sau ɗaya a shekara ne kaɗai kariya.

Ta ɓangaren kunne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai hana su harkokinsu. Siririn sauti ne ke fara ɓacewa, shi ya sa Baba zai ji muryar ɗansa amma ya kasa fahimtar ta matarsa ko ta jikokinsa, har a ce ai yana jin abin da ya ga dama ne. Ɗaga murya ba ya taimakawa sosai. Ka fuskance shi, a rage ƙarar rediyo, ka yi magana a hankali. A kai shi a duba kunnen, don wani lokaci dauɗar kunne ce kawai ta toshe, wani kuma na’urar ƙara ji za ta dawo da shi cikin mutane. Wanda ba ya jin abin da ake faɗa a majalisa yakan gaji da cewa “na’am?” ya koma ɗaki ya yi shiru, kuma wannan kaɗaicin yana da illa ga ƙwaƙwalwa, kamar yadda za mu gani.

Faɗuwa ba ƙaramin abu ba ce

Kusan ɗaya cikin kowane mutum uku masu shekara 65 zuwa sama yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Karayar ƙugu ta kwantar da dattawa da yawa kwanciyar da ba su sake tashi ba. Kuma mafi yawan faɗuwar a cikin gida take faruwa. Ka zagaya gidan ka duba da idonka: santsin tayil ko gansakuka a makewayi, dokin ƙofa mai tudu, bakin darduma da ya naɗe, wayar lantarki a ƙasa, silifas da ya siɗe. A sa ƙarfen dafawa a bangon banɗaki, a samar da kujerar wanka, a mayar da masai na zaune idan da hali, a ajiye tocila a gefen shimfiɗa. Idan zai tashi daga kwance, ya fara zama na ɗan lokaci kafin ya miƙe, domin jini kan sauka a lokacin, musamman ga mai shan maganin hawan jini. Riƙe kwagiri ba abin kunya ba ne, haka ma yin sallah a zaune ga wanda gwiwa ta hana.

Mantuwa iri biyu ce

Yanzu mu koma ga tambayar nan da Baba ya yi maka sau uku. Ƙwaƙwalwa ma tana tsufa. Tunani yana rage sauri, suna yakan maƙale a baki sai can an jima ya faɗo, koyon sabuwar waya yana ɗaukar lokaci, kuma yin abu biyu a lokaci guda yana wuya. Duk wannan ba cuta ba ne. Akwai ma abin da ba ya raguwa, wani har ƙaruwa yake yi: yawan kalmomi, sanin mutane da tarihin dangi, iya sulhu, da haƙuri da duniya. Ba banza Bahaushe ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Bambancin yana wajen ko mantuwar ta fara hana mutum tafiyar da rayuwarsa. Mai mantuwar tsufa zai manta inda ya ajiye carbinsa, ya nema ya gani. Mai cuta zai sa carbin a cikin tukunya, ya ce an sace. Mai mantuwar tsufa zai manta sunan wanda ya zo gaishe shi jiya, amma in an tuna masa zai ce “ƙwarai kuwa.” Mai cuta zai ce babu wanda ya zo. Ga wasu alamomin da bai kamata a yi shiru a kansu ba: maimaita tambaya ɗaya cikin ’yan mintoci, ɓata a hanyar masallacin da ya yi shekara 30 yana zuwa, ɗan kasuwar da ya ƙware a lissafi ya kasa ba da canji, uwar da ta yi suna a girki ta manta yadda ake haɗa miyar kuka ko ta bar tukunya ta ƙone sau da yawa, cin abinci sannan a ce ba a ba shi ba, rikita dare da rana, da sauyin hali, mai kunya ya koma faɗin abin da bai dace ba, mai haƙuri ya koma zargi da faɗa.

Cutar mantuwa

Abin da muke kira gigin tsufa, likitoci sun tabbatar cuta ce da ke kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke ɗauke da ita, ana samun sababbi kusan miliyan 10 kowace shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki irin namu. Nau’in da ya fi yawa, wato kashi 60 zuwa 70 cikin 100, shi ne cutar Alzheimer, wadda aka sa wa sunan likitan Jamus Alois Alzheimer da ya fara bayyana ta a 1906. Nau’i na biyu yana zuwa ne daga lalacewar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, sakamakon hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki.

Kada ka ɗauka cutar Turawa ce. Ɗaya daga cikin fitattun bincike a kanta a nan Najeriya aka yi shi. Daga 1992, likitocin Jami’ar Ibadan, ciki har da marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Adesola Ogunniyi, sun haɗa hannu da na Jami’ar Indiyana ta Amurka suka riƙa bibiyar dattawan Yarabawa na unguwar Idikan a Ibadan, suna kwatanta su da baƙar fatar Amurka na birnin Indiyanafolis. Sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna cewa a kowace shekara cutar na kama kashi 1.35 cikin 100 na dattawan Ibadan, a can kuwa kashi 3.24. Wannan ya nuna abu biyu. Cutar tana nan a cikinmu, sannan kuma yawanta yana bambanta daga wuri zuwa wuri, abin da ya sa masana suka ƙara mayar da hankali kan abinci da yanayin rayuwa da lafiyar jijiyoyin jini.

A 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ya ce da za a magance su, da an hana ko an jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar. Su ne ƙarancin ilimi tun ƙuruciya, raunin ji, raunin gani da ba a magance ba, hawan jini, ciwon suga, yawan kitse a jini, ƙiba, shan taba, shan giya, rashin motsa jiki, ciwon damuwa, kaɗaici, buguwa a kai, da gurɓatacciyar iska. Ka sake duba jerin, za ka ga yawancinsu ba sai an tsufa ake fara su ba. Hawan jinin da ka ƙi aunawa kana ɗan shekara 45, da hawa acaɓa babu hular kwano, da hayaƙin janareto a bakin taga, duk bashi ne da ƙwaƙwalwa za ta biya nan gaba. A riƙa auna jini, idan yana kai wa 140 bisa 90 a ga likita, kuma wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. A rage gishiri da magi, domin abin da ake so kada gishirin yini ya wuce giram 5, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da cutar mantuwa. Akwai dai waɗanda ke rage alamominta na wani lokaci. Duk wanda ya ce maka yana da garin da ke wanke ƙwaƙwalwa, kuɗinka yake so. Amma duk da haka zuwa asibiti wajibi ne, domin akwai cututtukan da ke kama da ita kuma suna warkewa, irin su ƙarancin bitamin B12, da raunin ƙwayar tayirod ta maƙogwaro, da ciwon damuwa. Dattijon da matarsa ta rasu, ko ya yi ritaya, ko ’ya’yansa duk suka watse, sai ya daina cin abinci, ya daina fita, ko me aka tambaye shi ya ce “ban sani ba”, mai yiwuwa ne damuwa ce ke cin sa, kuma tana da magani.

Ruɗewar kwatsam: a tafi asibiti yau

Cutar mantuwa a hankali take zuwa, cikin watanni da shekaru. Idan kuwa Inna lafiyarta ƙalau ranar Litinin, ranar Laraba ta daina gane mutane, tana ganin abin da babu, ko tana ta barcin da ba a saba gani ba, to wannan wani abu ne daban, kuma na gaggawa ne. Abin da ya fi jawo shi: ciwon sanyin mafitsara, ciwon huhu, zazzaɓin cizon sauro, faɗuwar suga ga mai shan maganinsa, ƙarancin ruwa a jiki, taurin bayan gida, riƙewar fitsari ga maza, ko sabon magani. Ka sani cewa tsoho yana iya ɗauke da cuta mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba, ruɗewar ce kaɗai alama. Haka kuma wanda ya faɗi ya bugi kai, jini na iya taruwa a hankali, sai bayan makonni ya fara rikicewa. Idan an magance sanadin, yawanci hankali yakan dawo.

Haka nan idan baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta ɓangare ɗaya ta mutu, ko magana ta sarƙe, wannan shanyewar ɓarin jiki ce. Kada a tsaya ana cewa iska ce ta shafe shi, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu domin zai iya shaƙewa. A yi addu’a a cikin mota, a hanyar asibiti, domin kowace awa tana da muhimmanci.

Ba hauka ba ne, ba maita ba ce

Masu cutar mantuwa da yawa sun fi rikicewa da yamma zuwa magariba. Likitoci sun san wannan, kuma yana da nasaba da gajiya da raguwar haske da rikicewar agogon jiki. Mu kuwa da yake lokacin ya zo daidai da wanda ake cewa iskoki na yawo, sai mu yanke hukunci. Haka idan tsohuwa tana hira da mahaifiyarta da ta rasu shekara 40, ko ta fita tsakar dare, ko aka tambaye ta “ke ce kika kama yaron nan?” ta ce “ni ce”, ba ta ma san me ake tambaya ba. An sha ganin bidiyon tsofaffin mata da suka ɓata a manyan biranen ƙasar nan, jama’a suka kewaye su da duka ana cewa mayu ne. Duk wanda ya san wannan cuta, idan ya ga irin bidiyon zai gane abin da yake kallo.

Kai da ke zaune a Agege ko Sabon Ibadan, wannan ya shafe ka kai tsaye. Kafin ka ɗauko mahaifiyar da ta fara mantuwa daga ƙauye ka kawo ta bene hawa na uku, ka yi nazari. Sauya wuri yana ƙara rikita su, domin abin da ya rage musu shi ne sabo da ɗakinsu da muryoyin maƙwabta. Idan dole ce ta sa, a taho da kayanta da ta saba da su, a kuma sanar da maƙwabta da masu shago halin da take ciki. A ɗinka mata ’yar takarda a jikin riga ko a sa mata a wuya, mai ɗauke da sunanta da lambar waya, a rubuta da Hausa da Turanci da harshen garin. Har dattijon da ya yi shekara 50 yana fataucin goro a Shagamu, idan cutar ta yi nisa yana iya manta Yarabancin da ya koya da girma, ya koma harshen da aka yi masa rainon ƙuruciya da shi.

Zama da mai cutar

Uwargida, yawanci wannan nauyi a kanki yake faɗawa, ko ke ’ya ce ko suruka. Idan Inna ta ce kin sace mata kuɗi, cutar ce ke magana. Ta ɓoye ne ta manta, kuma ƙwaƙwalwarta ta kasa yarda cewa ita ta ajiye. Kada ki tsaya rantse-rantse. Ki ce mata, “Inna, zo mu duba tare,” kuma ki gane wuraren da ta saba ɓoyewa. Maigida, kai ma ka san da wannan, domin aure da yawa ya girgiza, an kuma kori ’yan aiki da yawa a kan satar da ba a yi ba.

Kada a yi musu da ita, kada a riƙa yi mata jarrabawa da “kin gane ni? wane ne wannan?” Mai shigowa ya faɗi sunansa da kansa. Idan ta nemi mijinta da ya rasu, ba sai an sake yi mata sabuwar ta’aziyya kullum ba, a ce ta ba da labarinsa, sannan a janye hankalinta zuwa wani abu. A tsayar da lokacin abinci da wanka da barci, a kunna fitila tun kafin duhu, a kawar da ashana da fetur da magunguna. A bar ta ta yi abin da hannunta ya saba, kamar tsince wake ko naɗe kaya. Karatu da addu’o’in da aka haddace tun ƙuruciya sukan daɗe ba su goge ba, kuma sauraronsu na kwantar musu da hankali.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ke nesa kada ya ɗauka tura kuɗi ya wadatar, ya zo ya karɓi mai jinya ta huta ko na mako guda ne. Kuma tun hankalin dattijo na jikinsa, ’ya’ya su zauna da shi a ji abin da yake so game da katin banki, da takardun fili, da bashin da ke kansa da wanda yake bi, a rubuta a gaban shaidu. Wannan yana toshe ƙofar ’yan damfara, yana kuma hana rigimar ’yan uwa daga baya.

Ina za a nufa?

A fara da babban asibiti mafi kusa, a nemi a auna jini da suga da fitsari, a duba ido da kunne, a kuma yi gwajin tunani, wanda tambayoyi ne na ’yan mintoci. Wanda ya fi sanin halin dattijon shi zai raka shi, domin bayaninsa rabin binciken ne. Asibitin Koyarwa na UCH da ke Ibadan yana da cibiya ta musamman ta lafiyar tsofaffi mai sunan Cif Tony Anenih, wadda aka buɗe a 2012. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba a Legas, da Aro a Abekuta, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Jihar Sakkwato, da Maiduguri, suna duba masu cutar mantuwa, kuma zuwa can ba ya nufin an ce mutum mahaukaci ne. Domin ido akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da sassan ido na asibitocin koyarwa. A 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, amma har yau kusan duk ɗawainiyar tsofaffi a wuyan iyali take.

Saboda haka, mai karatu, idan Allah Ya kai ka gida a wannan karon, bayan ka sauke tsaraba ka ware yini ɗaya. Ka zauna da Baba ka lura da yadda yake tashi, da yadda yake ji, da abin da yake ci. Ka tambayi mutanen gida yaushe abin ya fara, kuma a hankali ya zo ko kwatsam. Ka leƙa banɗakinsa, ka tattara magungunansa, ka kai shi awo kafin ka koma. In an ce maka “ai tsufa ne”, ka ce to, bari likita ya faɗa. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya sa mu rabu da su lafiya, mu kuma Ya ba mu masu yi mana.